Malamin da ya sa muka dasa, shi ya turo aka sare

Assalamu alaikum Hajiya A'i. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin kwana goma sha biyu suka rage in tsaya gaban jama'a da makirufo a hannuna, kuma yadda zuciyata take tafasar nan ban san abin da zai fito daga bakina ba. Na daɗe ina karanta filinki, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba. Ki yi haƙuri in kin ga ina ta zagaye, raina ne a ɓace. Sunayen mutane duk na sauya su, garinmu ma ba zan faɗa ba, ƙauye ne dai a yankin Farin Dutse cikin ƙasar Gwaram.

Ni shugabar makarantar firamare ce, shekarata arba'in da uku, kuma makarantar da nake riƙe da ita a cikinta na koyi riƙe fensir. Mutumin da nake fushi da shi malamina ne. Bari in kira shi Malam Ɗanbala. Yau ɗan majalisar dokokin jiha ne, yana zango na biyu. Kowa Honarabul yake ce masa, ni dai bakina ya ƙi sabawa, har gobe Malam nake cewa.

Sai na gaya miki ko shi wane ne kafin ki gane abin da ya yi mana. Ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da namu. Da ya gama makarantar horon malamai aka turo shi garinmu da keke da akwatin ƙarfe guda. Lokacin makarantar ɗaki biyu ce ta ƙasa a tsakiyar fili fetal, babu inuwar da ko akuya za ta kwanta. Malam ya riƙa hawa kekensa yana zuwa har Birnin Kudu wajen ma'aikatan gandun daji, ya ɗauro 'ya'yan darbejiya a leda a bayan keke, ya kawo. Sawu nawa ya yi, Allah kaɗai ya sani. Kowane ɗalibi ya ba shi itace guda, kai za ka haƙa raminka, kai za ka saro ƙaya ka kewaye shi saboda awaki, kuma kullum da safe kafin a buga ƙararrawa sai ka ɗebo ruwa a gwangwani daga rijiyar gari ka ba itacenka. Ya samo wani littafi mai kauri ya rubuta sunan kowa da inda itacensa yake. Littafin nan yana cikin kabad ɗin ofishina a yanzu haka. A shafin farko ya rubuta doka da hannunsa: duk wanda itacensa ya mutu saboda sakacinsa zai dasa biyu, ya shayar da su da hannunsa, ba aike.

Mun sha bulala a kan itatuwan nan, Hajiya. Kuma ba mu taɓa jin haushi ba, domin dokar har kansa ta hau. Wata shekara ya tafi kwas na mako uku, awaki suka cinye nasa. Da ya dawo ya tara mu, ya karanta dokar da ƙarfi, ya dasa biyu, ya yi wata da watanni yana jigilar ruwa da bokiti muna ɓoye baki muna dariya. Mutumin da ya yi wannan fa nake ba ki labari, ki riƙe shi a ranki.

Ina da yaya, Salihu, yana aji biyar ina aji uku. Sanƙarau ya ɗauke shi a wata bazara cikin kwana biyu. Malam ya zo ta'aziyya ya zauna a zaurenmu, ya aika wa Inna cewa itacen Salihu ba zai mutu ba, kuma duk wanda ya zauna a inuwarsa ladan yana isa ga yaron in Allah ya yarda. Daga ranar na koma ɗaukar gwangwani biyu, nawa da nasa, har Malam ya laƙaba mini suna Mai Gwangwani Biyu. Inna tana nan da ranta, idonta ya yi rauni, ba ta fita. Amma duk wanda zazzaɓi ya kama a gidanmu, daga itacen Salihu take cewa a tsinko ganyen da za a dafa a yi masa wanka. Darbejiya ta cika gari, ita ba ta yarda da ko wacce ba sai wannan.

Shekara goma sha huɗu Malam ya yi a garinmu, ya zama hedimasta. Shi ya kai takarduna Birnin Kudu da kansa lokacin da zan shiga sakandare, shi ya ce in yi aikin koyarwa, ban musa ba. Daga nan aka mai da shi mai duba makarantu, ya riƙe ƙungiyar malamai ta ƙaramar hukuma, ya yi sakataren ilimi, sannan ya ajiye aiki ya shiga takara. Karon farko ya faɗi, muka yi kwana uku kamar an yi mana rasuwa. Karo na biyu mu tsofaffin ɗalibansa muka ɗaura ɗamara. Ni da ƙafata na bi gida-gida ina gaya wa mata cewa wannan ya sha ƙurar alli, ya san abin da ke damun makaranta, ba irin waɗanda muka saba gani ba ne. Kunyar da nake ji yanzu in na haɗu da matan nan a wajen biki ba ta faɗuwa.

Da ya hau, zangon farko ba mu ga wani abin kirki ba, ba mu kuma yi ƙorafi ba, muka ce sabon shiga ne. Ya gina gida a Birnin Kudu, yana tsakanin can da Dutse, ganinsa ya koma sai a fosta ko ta bayan baƙin gilashin mota. A bara aka ce mana aikin mazaɓarsa zai zo makarantarmu, ajujuwa uku sababbi. Na yi murna har da hawaye. Yara sun haura ɗari huɗu, ɗakunanmu huɗu ne, sauran ajujuwa uku kuwa a ƙarƙashin itatuwan nan suke karatu shekara da shekaru. Cikin waɗanda muka dasa, talatin da biyu ne suka rayu suka girma, suka rufe gaban makarantar da inuwa. Masu dawowa daga gona nan suke hutawa, masu shanu nan suke tsayawa da rana.

A hutun ƙarshen shekara na tafi Unguwar Ya wajen bikin sunan jikar ƙanwar babanmu, kwana huɗu kacal na yi. Da mai babur ya sauke ni a bakin hanya, wallahi sai da na ɗauka ya yi kuskuren gari. Makaranta tsirara! Ɗan kwangila ya zo da injin yanka itace, cikin yini biyu ya kwantar da ashirin da uku, an loda gungumen a mota an tafi da su. Kututture ne kawai a jere. Nawa yana ciki. Na tarar da Maikano tela, mutum mai furfura a gemu, wanda muka yi aji ɗaya da shi, yana tsaye a kan kututturen itacensa da guntun reshe a hannu. Ya saɓa reshen a kafaɗa ya tafi da shi gida. Na shiga ofis na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar babanmu.

Kin san me ya sa aka zaɓi gaban makaranta? Saboda hanya ta nan ta bi. A bayan makarantar akwai fili na Allah da Annabi, ba itace ko ɗaya, sai dai wanda ke wucewa a mota ba zai hango ginin ba, ba zai karanta sunan Honarabul da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin bango ba. Shekara talatin da biyar na inuwa aka sare don a karanta sunan mutum daga cikin mota. Ina ilimin? Ina abin da ya riƙa dukanmu a kai?

Bai tsaya nan ba. An gama ginin yau mako bakwai, an garƙame shi da kwaɗo, wai ba mai shiga sai Honarabul ya sami lokaci ya zo ya buɗe. Ki dubi zafin da ake yi a bazarar nan. Ajujuwa uku na cusa a ƙarƙashin itatuwa tara da suka rage, waɗanda ba su sami wuri ba suna bin inuwar bango, rana na matsawa suna jan tabarma. Wata yarinya 'yar aji biyu ta yi haɓo a gabana ranar Talata. Ɗakuna uku sababbi fil suna kallonmu muna kallonsu.

Sai makon jiya na zo da safe na ga an shafa wa itatuwa taran nan jan fenti. Na tambaya, aka ce kashi na biyu na aikin ne, katanga da babbar ƙofa, za a fara washegarin biki. Itacen Salihu yana daidai inda ƙofar za ta zauna.

Yanzu bari in faɗi abin da nake ta kauce wa tun farkon wasiƙar nan, wanda ko mijina ban gaya wa ba. Kafin a fara aikin Malam ya zo da kansa duba wuri, da motoci huɗu da 'yan rakiya. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba, ni ban taɓa zama a kujera a gabansa ba. Ya nuna gaban makarantar da sandarsa, ya juyo ya tambaye ni a gaban kowa ko nan ya yi. A raina filin baya nake so, har na auna shi da ƙafa tun kafin su zo. Amma Malam ne ya nuna. Mutumin da ya koya mini karatu, ta yaya zan ce masa a'a a gaban yaransa? Na sunkuyar da kai na ce duk inda Malam ya ga ya dace. Na yaudari kaina cewa za a lallaɓa a gina a tsakanin itatuwan, don a tunanina ba yadda za a yi wanda ya dasa su ya bari a taɓa su. Minti goma bai cika ba suka tafi.

Da na ga jan fentin nan na shirya takanas na tafi gidansa a Birnin Kudu. Tun hantsi nake zaune a cikin masu neman aiki da masu neman taki har aka yi azahar. Da aka shigar da ni ya washe baki, ya kira ni Mai Gwangwani Biyu a gaban mutanen da ke falon, ya tambayi jikin Inna, ya ce su dube ni da kyau, ɗalibarsa ce da yake alfahari da ita. Hajiya, maganar da na kwaso tun daga gida sai na ajiye ta gefe. Na durƙusa na yi godiyar gini. Godiya fa! Aka ba ni turmin atamfa mai hotonsa aka ce in ɗinka saboda biki. A mota na riƙa jin kamar in wurgar da ita ta taga. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sunan nan da ya kira ni. Ashe bai manta ba. Yana tune da gwangwani biyu, ya san na wane ne na biyun, amma ya bari aka shafa wa itacen fenti.

To ni aka ba jawabin maraba ranar biki. Daga ofishin ilimi an aiko mini da wanda zan karanta, shafi biyu na kirari, har da kiransa uban marayu. Ni kuma na rubuta nawa. Niyyata in ɗauko littafin nan in karanto sunayen mutum ashirin da uku ɗaya bayan ɗaya, da masu rai da matattu, sannan in dube shi in gaya masa a gaban hakimi da 'yan jarida da maroƙansa cewa Malam Ɗanbala da muka sani ya daɗe da mutuwa, wannan wani ne ya ari fuskarsa. Mijina Abdulnasir, da na nuna masa, ya ce in na yi haka kafin wata ya ƙare za a jefa ni wani lungu da ko babur ba ya zuwa, ga yara ga Inna. Mataimakina Malam Yunusa ya ce in yi kawai, shi zai ɗauka a waya ya watsa, duniya ta gani. Inna kuwa ba ta san da jan fenti ba, na hana kowa gaya mata. Shekaranjiya ma sai da ta aika a tsinko mata ganye.

Ki gaya mini gaskiya. In tona masa asiri in huce, ko in ɗinka atamfa in karanta kirari in bar inji ya ci itacen ɗan'uwana? Ina son mutumin nan kamar uba, kuma a yanzu ko hotonsa ba na son gani. Ko ya karanta wannan ya gane ni, ya gane.

Taki,
Mai Gwangwani Biyu, daga ƙasar Gwaram

Amsa

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Salihu, ya ƙara wa Inna lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ni ma raina ya ɓaci, don haka ba zan fara da ce miki ki yi haƙuri ba. Fushinki yana kan hanya. A sare itace ashirin da uku a ƙasa irin tamu don suna ya fito a bakin titi ɓarna ce, a kulle aji yara suna rana saboda jiran biki kuwa ya fi ɓarna muni. Da wani ɗan siyasa ne da bai taɓa shiga aji ba sai mu ce bai sani ba. Malaminki ya sani, shi ya sa laifinsa ya fi girma.

Amma tunda gaskiya kika nema, ga taki. Ranar da ya nuna wuri da sanda, shugabar makaranta ya tambaya, sai 'yar aji uku ta amsa masa. Girmama malami abu ne mai kyau, ni ma da shi aka raine ni, sai dai ranar amanar yara ɗari huɗu ce a wuyanki, kuma ke kaɗai ce a wurin da kika auna filin baya da ƙafarki. Kika sake samun dama a falonsa, kika yi godiya kika fito. Ban faɗi wannan don in wanke shi ba. Na faɗa ne don ki lura cewa har yau babu mutum ɗaya da ya tsaya gaban Malam Ɗanbala ya ce masa abin da ya yi bai yi daidai ba. Shekara bakwai ko takwas yana zaune cikin mutanen da ko tari ya yi sai sun ce ya burge. Wadda za ta iya gaya masa gaskiya ya saurara ke ce, ke kuma kin yi shiru sau biyu. Rabin wutar da ke cinki ta kanki ce, kuma in kika juye masa duka a bainar jama'a kin zalunce shi da rabin. Ki kuma tuna cewa ajujuwa uku ya gina, ba gidan kallo ba, kuma yaranki suna bukatarsu.

Yanzu ki tambayi kanki abin da kike so ya faru washegarin biki. In hucewa kike so, jawabinki zai ba ki ita na yini ɗaya. Mutumin da aka kunyata a gaban hakimi da abokan hamayyarsa ba ya janye aiki, ƙara taurin kai yake yi. Bidiyon Malam Yunusa zai zaga wayoyi, masu neman kujerar Honarabul su yi ta murna, ke a ɗauke ki, inji kuma ya zo a kan lokacinsa. Malam Yunusa ba shi za a canja wa wurin aiki ba, ki lura da wannan. Karanta kirarin da aka aiko miki ma ban yarda da shi ba, don shiru na uku ke nan. In itacen Salihu kike so ya kwana a tsaye, akwai hanyar da ta fi duka biyun.

Ki koma Birnin Kudu cikin makon nan, kada ki bari ya wuce. Kada ki je ke kaɗai, don na ga yadda kike narkewa a gabansa. Ki tafi da shugaban kwamitin iyayen yara da Maikano tela, ki nemi a ba ku ganawa ta keɓe, ba a falon jama'a ba. Ki gaishe shi yadda kika saba, sannan ki tashi ki zauna a kujera, domin da sunan makaranta kika zo. Ki fara da naki laifin, ki ce ranar da ya tambaye ki kunya ta hana ki faɗin gaskiya. Wanda aka fara masa da haka ba ya samun abin kare kai. Sannan ki buɗe littafin nan ki ajiye masa a cinya, ki bar shi ya ga rubutun hannunsa, ki nuna masa sunan Salihu, ki gaya masa Inna har yau daga nan take aikawa a tsinko ganye.

Kin ce abin da ya fi ƙona miki rai shi ne ya tuna sunan da ya laƙaba miki. Ni kuwa a duk wasiƙarki nan ne na ga alamar nasara. Mai yiwuwa ne bai taɓa haɗa jan fentin ɗan kwangila da itacen Salihu a ransa ba, domin ba wanda ya haɗa masa. Ban rantse ba, amma mutumin da ya riƙe gwangwani biyu a ransa shekara talatin da wani abu bai mutu ba kamar yadda kike shirin faɗa.

Ku je da buƙatunku a rubuce, da sa hannun kwamiti, ku ba ofishin ilimi kwafi, don kada maganar ta zama taki ke kaɗai. Ku roƙi a matsar da katanga da ƙofa taku kaɗan yadda itatuwa taran za su faɗo cikin makaranta, abin da kowane magini ya san yadda ake yi. Ku roƙi a ba ki makulli yara su shiga tun yanzu, biki ya same su a ciki. Sannan ki juya masa shafin farko ki tuna masa dokarsa. Ashirin da uku sun mutu, doka ta ce arba'in da shida. Damina ta ƙarato, 'ya'yan darbejiya kuma ba wuyar samu suke ba. Ki gaya masa tun a ɗaki cewa kina so ranar biki, bayan kin gode masa da gaske a kan ajujuwa, ki karanta dokar nan, shi kuma ya dasa na farko a gaban yara. Kada ki yi masa kwanton ɓauna. Ɗan siyasa zai ga hoto mai kyau a ciki, malami zai ga wani abu dabam, ke dai ba ruwanki da wanda ya amsa a cikinsu muddin itace ya tsira.

In ya ƙi, to kin sauke nauyi, kuma kina da takarda a hannu. Sai kwamiti da dattawan gari su ɗauki maganar zuwa gaba, ke kuma ranar biki ki yi maraba ta mutunci a taƙaice, ba zagi ba kirari. Atamfar ba dole ba ce. Ko ya amince ko bai amince ba, ki duba ƙarƙashin itacen Salihu da ruwan farko, za ki ga 'ya'yansa sun tsiro, ki cire ki dasa ɗaya a tsakar gidan Inna inda hannunta zai kai. Kada ki gaya mata komai sai kin dawo daga Birnin Kudu. Mijinki kuwa ki gaya masa abin da kika ɓoye, ya cancanci ya ji daga bakinki.

Ina kyautata zaton zai amince. In ya amince, ranar biki za ki ga 'yan rakiya sun yi caa suna rige-rigen karɓar masa bokiti don kada babbar riga ta jiƙe. A nan ne nake so shugabar makaranta ta yi magana, ba 'yar aji uku ba. Ki cika bokitin sosai, ki miƙa masa a hannunsa, ki karanta ƙarshen dokar yadda kowa zai ji. Shi ya rubuta cewa ba aike.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ba ki ƙarfin halin faɗin gaskiya cikin ladabi, ya sa inuwar nan ta daɗe tana kai wa Salihu lada.

Hajiya A'i